Na Ɗaga Motar Babana, Na Ce Masa Taya Kawai Aka Canza

Assalamu alaikum. Malam mai kula da wannan shafi, barka da aiki, ya iyali, ya jama'a. Ku ma masu karantawa ina gaishe ku, babba da yaro. Don Allah a sakaya sunana, kuma ina roƙon duk wanda zai ba ni amsa ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya fara zagi. Zagin ma ban hana ba, na riga na yi wa kaina wanda ya fi naku zafi, kawai dai na gaji da shi ne, ba ya ƙara min komai. Shawara nake nema. Da farko za ku ga kamar labarin mota da taya ne, irin wanda ya kamata a kai gareji ba nan ba, amma ku yi haƙuri da ni, mahaifina ne a ciki.

Ni malamin dabbobi ne, ina zaune a Gwarzo da matata da 'ya'yanmu uku. Mutane na ce min Likita, alhali allurar shanu da ta awaki ce iyakar likitancina. Aikina yawo ne, kullum ina hanya, yau ruga gobe ƙauye, rabin tafiyar a kwalta, rabin a burji da hanyar amalanke. Mahaifina yana zaune a wani ƙaramin ƙauye ta wajen Durun, a ƙasar Kabo. Asalinmu masu kiwo ne, kakanmu ne ya zauna ya kama noma, amma har gobe akwai shanu a gidan, kuma akwai halin nan namu na kunya da haɗiye ciwo. Baba ya haura saba'in da biyar. Yana da yanar ido, dishi-dishi yake gani, mutum sai ya yi magana yake gane shi. Shekara uku da suka wuce ya sayar da bijimai, yayana da ke aiki a Kaduna ya cika, aka sayi a-kori-kura ta hannu mai ƙofa huɗu. Motar Baba ce, ni dai riƙo aka ba ni. Ina aikina da ita, ranar Juma'a in je in kai shi masallaci a Kabo, in kai shi ya duba shanu a inda suke mashekari, kuma duk wata in kai shi Getso wajen ƙanwarsa, Gwaggo. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Bari in gaya muku yadda Baba ke hawa mota, don a nan maganar take. Ba a riƙe masa hannu. Wanda ya gwada sau ɗaya ba ya sakewa, ba wai faɗa zai yi ba, shiru kawai zai yi maka na kwana biyu. Mutum ne da a ƙuruciyarsa ya kora shanu har kudu ya dawo a ƙafa, kuma duk abin da tsufa ya ƙwace masa, ido da haƙori, ƙafar nan ita ce abin taƙamarsa ko da bai taɓa faɗa ba. Zai lalubi ƙofa, ya jefa sandarsa ciki, ya kama mariƙin da ke saman ƙofar, ya ce bismillah, ya ɗaga ƙafa sau ɗaya, sai ka gan shi a zaune yana gyara babbar riga. Ba da ido yake hawa ba. Ƙafarsa ce ta haddace tsawon motar, kamar yadda ta haddace dokin ƙofar ɗakinsa.

Farkon damina ina hanyar wata ruga ta bayan Kutama, na iske ruwa ya kwanta a hanya, na raina shi na shiga. Cikin motar ya zauna a kan tudun nan da amalanke ke bari a tsakiyar hanya, tayoyi suna ta juyawa a banza suna watsa laka. Babu yadda ba a yi ba. Daga ƙarshe sai da wani bawan Allah ya kwance shanun huɗarsa biyu, aka ɗaura igiya aka ja ni. Likitan shanu, shanu suna jan sa. Wani ya ɗauka a waya, kafin in isa Gwarzo duk 'yan majalisarmu sun gani. Sati biyu ba ni da sakat, da na zauna sai wani ya ce, "Likita, yau ma marasa lafiyarka ne suka rako ka gida?" Ina dariya tare da su, amma a ciki abin yana ci na. Ni mutum ne da ba na son a yi min dariya, wannan halin tun ina yaro nake fama da shi.

Na je na sami Baba na ce masa motar na bukatar gyara saboda damina, tayoyin sun suɗe. Ya ce, "Taya dai ko? To a sa mata takalmin da zai riƙe laka. Amma kai, kada ka mayar min da ita abin kallo." Na ce insha Allahu. Ya san ɗansa, shi ya sa ya faɗa.

Bakanikena wani dattijo ne a Gwarzo, zan kira shi Malam Idi ko da yake ba sunansa ke nan ba. Na ce masa so nake a ɗaga motar yadda ba abin da zai sake taɓa cikinta. Ya goge hannu ya zauna a kan benci.

"Likita, a cikin kwana bakwai, kwana nawa kake shiga laka?"

Na ce, "A damina, biyu ko uku."

"Sauran fa? Da rani fa?"

"Kwalta da burji."

"To motar kullum gyaran kullum ake mata. Ba a yi mata gyaran rana ɗaya."

Sai ya jero min. Ya ce a ɗaga ta inci biyu kawai, da sifirin da shokazoba masu kyau, wannan ya isa ta tsallake tudun amalanke. Taya kuma a sayo mai matsakaitan haƙora, wadda za ta riƙe laka kuma ba za ta yi kuka a kwalta ba, girmanta ya ɗara na yanzu kaɗan. Rim ɗin ƙarfe da motar ta zo da shi a bar shi, don in ya lanƙwashe a daji guduma ce maganinsa, na alminiyon kuwa tsagewa yake ka kwana a can. Sannan ya ce ko inci biyun ne, a liƙa mata ƙarfen takawa a gefe. "Ba kai kaɗai ke hawa ba, akwai Dattijo." Wallahi ya faɗa, kuma na ji shi da kunnena. Ba zan ce ba a gaya min ba. Ya rubuta komai a bayan kwalin shokazoba ya yaga ya ba ni, na sa a aljihu na tafi Kano.

A Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota, na lalace. Ina shiga layin masu taya na ga wata mota irin tamu sak an ajiye ta, an ɗaga ta sama, baƙaƙen rim masu faɗi, tayoyi sun fito waje da haƙora kamar na garma. Na tsaya ina kallo har mai shagon ya fito. Na nuna masa takardar Malam Idi, ya duba ya ce duk akwai, sai ya ƙara da cewa, "Amma Yallaɓai, inci biyu ai ba wanda zai san ka yi wani abu." Ban ga laifinsa ba, kasuwa yake. Laifina ne da maganar ta sami wurin zama a raina. Ba wanda zai san na yi wani abu? To ni don a sani na zo. A lokacin ba hanyar Kutama nake gani ba, ba Baba nake gani ba, fuskokin 'yan majalisa nake gani. Na sayi kayan ɗagawa na inci huɗu, na sayi manyan tayoyin laka, na sayi baƙaƙen rim ɗin alminiyon, takardar kuwa na ninke ta na mayar aljihu.

Da Malam Idi ya ga kayan ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ba abin da na rubuta ba ne." Na ce can sun ce shi ya fi. Ya ce, "Su za su hau?" Ya ɗaura dai, don ni na kawo aikin. Da ya zo maganar ƙarfen takawa na ce a bari, zai rage mata kyau kuma zai riƙa kama laka. Da aka gama, tsakanin ɗagawar da girman tayar, motar ta tashi kusan taƙi guda. Na zagaya Gwarzo sau biyu ba tare da ina da wurin zuwa ba. A majalisa aka taso ana shafa ta, wanda ya fi kowa yi min tsiya ya ce, "Yanzu kam kai za ka ja shanun." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi sosai.

Juma'a ta zo na je ɗaukar Baba. Mu biyu ne a ƙofar gida. Ya lalubi ƙofa, ya jefa sanda, ya kama mariƙi, ya ce bismillah, ya ɗaga ƙafa inda ya saba, sai ƙafar ta bugi ƙarfe ta dawo ƙasa. Ya tsaya. Ya sake ɗagawa, ta sake dawowa. Ina tsaye a bayansa, hannuna ya miƙa ya koma, don na san dokar. A na uku ya sa gwiwa a ƙasan motar ya ja jikinsa ya shiga, riga ta naɗe masa, yana haki. Na rufe ƙofa na zagaya na tayar. Muka hau kwalta tayoyin suka fara kukansu har muka yi nisa. Can sai Baba ya ce, a hankali, ba tare da ya juyo ba:

"Kai, motar nan ta ƙara tsawo ne?"

Na ce, "A'a Baba. Taya kawai aka canza."

Ya ce, "To. Ashe ni ne."

Me ya sa na faɗi haka? Wata bakwai ina yi wa kaina wannan tambayar. Tsoro ne. Ya ce kada in mayar da ita abin kallo, na mayar. Da na ce e, zai tambaye ni dalili, kuma ba ni da dalilin da zan iya faɗa a gabansa. In ce masa me? An yi min dariya a majalisa? Na ɗauka ƙaramar ƙarya ce, ta minti ɗaya, ƙafarsa za ta saba da sabon tsawon a wuce wurin. Kuma da ya ce "ashe ni ne" ina da damar gyarawa, hanya ce doguwa a gabanmu, amma na kama sitiyari na yi kamar kukan taya ya hana ni ji.

A ƙofar masallaci abin ya ƙarasa lalacewa. Kafin in zagayo ya buɗe ƙofa ya zuro ƙafa yana neman ƙasa a inda ya saba samun ta, ƙasa ba ta nan. Ya tafi gaba ɗaya ya faɗi a kan gwiwoyinsa, hula ta yi gefe, sanda ta yi gefe, a gaban jama'ar Juma'a. Aka taso ana salati ana sannu. Bai ji rauni ba sai ƙujewa, ya miƙe ya yi sallarsa. Amma da aka idar muka dawo wajen mota, mutane ba su bari ya gwada ba. Mutum biyu suka ɗaga shi, ɗaya a hammata ɗaya yana turawa ta baya, yadda muke loda maraƙi mara lafiya. Wani ya ce, "Ai wannan mota sai da tsani, Baba," aka yi dariya irin ta tausayi. Na kalli fuskarsa. Ban taɓa ganin mahaifina ya sunkuyar da kai a gaban mutane ba sai ranar. Da muka isa gida ya bari na riƙe shi ya sauka, karo na farko a rayuwata, sannan ya ce, "Juma'a mai zuwa kada ka wahalar da kanka. Zan yi azahar a nan."

Tun daga ranar bai sake hawa mota ba. Ba Kabo, ba wajen shanu, ba Getso. In an tambaye shi sai ya ce ya gaji da yawo. Da abin ya tsaya a mota da sauƙi, amma sai ya daina zuwa gona ma, wadda da ƙafa yake zuwa kullum da safe. Na ce, "Baba, gona ai ba mota ake hawa ba." Ya ce, "Ƙafar da ta ci amanata a gaban jama'a, zan bi ta daji ni kaɗai?" Ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna, da carbi da rediyo. Kun san tsoho da zama. Ƙafar da lafiyarta ƙalau ta fara kumburi, gwiwa ta riƙe, yanzu in zai tashi sai ya dafa bango. Na kai masa wani ma'aikacin asibiti abokina ya duba shi, ya ce babu wani sabon ciwo, rashin motsi ne, a sa shi ya riƙa takawa. Wa zai sa shi? Ya riga ya yanke wa kansa hukunci, kuma da shaidata ya yanke.

Za ku ce me ya hana ni sauke motar a satin. Zan faɗi gaskiya tunda ba ku san ni ba. Na farko, damina ce, motar ba ta sake maƙalewa ba ko sau ɗaya, kuma ina jin daɗin yadda ake juyowa ana kallo na. Na biyu, kuma shi ne babba, na lissafa cewa in na sauke ta ya hau cikin sauƙi, zai gane ƙarya na yi masa. Sai na yi ta ce wa kaina zai huce, zai nemi fita da kansa. Motar ma ba ta bar ni na ji daɗin ba. Duk abin da Malam Idi ya hango sai da ya same ni. A kwalta kuka take kamar injin niƙa, in na dawo gida kaina na sarawa. Mai take sha kamar an huda tanki. A kwana sai ta yi kamar za ta kwanta, birki sai na taka tun daga nesa, in na karya sitiyari sosai taya ta goge jikin motar. Haƙoran da na saya don laka kwalta ta cinye rabinsu kafin kaka. Loda buhun dusa ko akwatin allura ya koma aikin mutum biyu. Na gudu daga dariyar rana ɗaya na sayo wahalar kullum, kuma wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ke zaune a zaure.

Matata ce ta fara ganewa. Mun je gaida Baba wata Asabar, a hanyar dawowa da muka wuce Kabo ta ce, "Malam, Baba bai san an ɗaga motar nan ba ko?" Na ce me ta gani. Ta ce, "Ni da nake da ido da ƙuruciya sai na tattare zani na ja numfashi nake hawa. Yau yana gaya min wai ƙafarsa ce ta gaza. Wa ya ce masa ƙafarsa ce?" Ta ce, "Ka faɗa masa." Na ce zan faɗa. Ta ce, "Yaushe?" Ba ta sake tayar da maganar ba, ba mai yawan magana ba ce, amma tun ranar ba ta ƙara shiga motar ba. Ko unguwa za ta je sai ta tari mai babur, ina tsaye da makulli a hannu.

Sannan yayana ya zo hutu daga Kaduna. Bai taɓa ganin motar ba tun da aka yi aikin. Ya zagaya ta, ya kalle ni, muka shiga zaure. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, ai dole ka faɗi. Motar nan an ɗaga ta sama, ni kaina da ƙyar na hau." Wani ɓangare na zuciyata ya ce alhamdulillahi, an sauke min. Sai Baba ya yi murmushi ya ce:

"Ku dai kuna da kara. Mutanen masallaci ma haka suka ce, don kada in ji kunya. Amma na tambayi mai tuƙa ta, mu biyu, ba kowa, ya ce min taya kawai aka canza. Shi wannan bai iya rarrashi ba, abin da yake shi yake faɗa min." Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina. "Ko ba haka ba?"

Jama'a, na buɗe baki babu abin da ya fito. A gidanmu in uba ya yi magana ɗa ya yi shiru, amincewa ce. Haka ya ɗauka. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbi. Ashe duk wanda ya gaya masa gaskiya a wata biyar ɗin nan ya ɗauke shi mai lallashi, ni da na yi masa ƙarya ni ne mai gaskiyar. Da muka fito yayana ya tsaya a gindin darbejiya, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ni na faɗa bai yarda ba, kuma ba zan sake ba. Bakin da ya ɗaura shi zai kwance." Ya koma Kaduna, har yau in na kira gaisuwa kawai muke yi.

Washegari na kai motar gareji. Na zaro takardar nan, tana nan a cikin akwatin mota ta yi laushi, na miƙa wa Malam Idi na ce a yi abin da ke ciki. Ya karɓa bai ce min ai na gaya maka ba, da ma ya faɗa da na fi samun sauƙi. Tsofaffin rim ɗin ƙarfen ma ashe ya jingine su a bayan shago bai sayar ba. Aka sauke ta zuwa inci biyu, aka sa taya mai matsakaitan haƙora, aka liƙa ƙarfen takawa. Yanzu hawanta ya fi na da sauƙi, yarinyata 'yar shekara shida da kanta take shiga. Kukan ya tafi, sitiyari ya natsu, na bi hanyar Kutama cikinta bai taɓa komai ba. Abin da ya kamata in yi tun farko ke nan, kwana biyu kacal ya ɗauka.

Na tafi Durun da murnata na ce, "Baba, zo ka gwada, an sa wa motar matakala." Ya ce, "Har an fara yi min matakala? Gobe kuma sai a kawo min keken guragu." Ya ƙi ko fitowa. Na aro ƙaramar motar wani abokina, wadda kusan a ƙasa take, na kawo ƙofar gida. Ya ce, "Ka daina wahalar da mutane. Ba mota ba ce matsalar." Na gyara ƙarfe, amma abin da na sa masa a kai ba spana da za ta kwance shi. Sau uku ina zuwa da niyyar faɗa, in zauna a bakin buzu, in gaishe shi, in sake gaishe shi, in yi maganar farashin dusa, in tashi in tafi. Na gaji da kaina. Ina yi wa saniya allura hankalina na zaure.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne Gwaggo. Kwana goma ke nan tana kwance a Getso, jikin ya yi nauyi, ɗanta ya ce min abinci ma sai da cokali. Shekaranjiya na je ni kaɗai. Ta kama hannuna ta ce, "Ina babanka? Wata bakwai ban ji ƙarar sandarsa a tsakar gidan nan ba. Na yi masa laifi ne?" Na ce ƙafa ce ke damun sa. Ta ce, "Ƙafar wa? Shi?" Ta rufe ido ta ce in ce masa ya zo ko sau ɗaya ne, tana da magana da shi. Daga can ban tsaya ko'ina ba sai Durun, na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni. Baba ya ce, "Gidan surukai ne. Ba za a ɗauke ni kamar buhu a ƙofar gidan surukai ba. Ka ce mata ta yafe min. In ba mu gana a nan ba, Allah ya haɗa mu a can." Ya juya fuskarsa bango yana goge ido da hannun riga, ya ce yanar ce ke masa ruwa.

Na san abin da yawancinku za ku ce, je ka faɗa masa. Ni ma na sani. In na faɗa, wataƙila ya miƙe ya ce a kawo masa sanda, ya je ya ga ƙanwarsa tana da rai. Amma zai san cewa ɗan da ya fifita maganarsa a kan ta jama'ar masallaci da ta babban ɗansa, shi ne ya tsaya yana kallo wata bakwai yana ƙarewa a kan buzu, don kawai kada a yi masa faɗa. Baba ba zai zage ni ba, ba zai tsine min ba, shiru zai yi, kuma ban san ko wannan shirun zai ƙare kafin ɗayanmu ya bar duniya ba. Akwai kuma wanda ya fi wannan tsorata ni. A ranar da na yi ƙaryar ƙafarsa lafiya lau take. Yau ba haka take ba. In na durƙusa na ce masa Baba ba kai ba ne, motar ce, ya yarda, ya fito, ya kama mariƙi ya ce bismillah, ƙafar ta kasa da gaske fa? A lokacin me na bar masa?

Ɗan Gwaggo ya kira ni ɗazu da hantsi, ya ce tun safe sau biyu tana tambaya ko an ji tsayuwar mota. Getso ba wata tafiya ba ce. Ni kaɗai ne tsakaninsa da ita, kuma lokacin ba nawa ba ne. Don girman Allah, wanda ya san yadda ɗa ke buɗe baki ya faɗa wa uba irin wannan, da wace kalma ake farawa, ya taimake ni kafin a sake kira na. Me zan yi?